Shirin gwajin shiga manyan kwalejojin kiɗa: abin da alƙalai ke saurare da abin da ke kayar da yaranmu

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, muna roƙon ka ba mu fili a wannan jarida mai farin jini domin mu yi magana da iyaye da matasan da ke da burin shiga manyan kwalejojin kiɗa na ƙasashen waje. Mu malaman kiɗa ne, kuma tambayar da iyaye suka fi kawowa ita ce: yaron nan Allah ya ba shi baiwa, ta ina zai shiga? Baiwa ba ita ce ta yi ƙaranci ba. A majami'un Jos da Kaduna, da cikin 'yan badujalar soja da na 'yan sanda, da situdiyoyin Kano, akwai matasan da za su ji kiɗa sau ɗaya su maimaita shi. Abin da ke kayar da su a gwajin shiga abubuwa ne da ake iya gyarawa tun a gida: rashin karanta sharuɗɗa, ɗaukar kiɗan da ya fi ƙarfinsu, raunin karatun rubutun kiɗa, da tura bidiyon da ya ɓata sautinsu.

Makarantun da muke nufi su ne irin su Royal Academy of Music da aka kafa a Landan a 1822, da Royal College of Music, da Guildhall, da kwalejin kiɗa ta birnin Faris wadda ta samo asali tun 1795, da Juilliard ta Niyok, da Curtis ta Filadelfiya. Curtis ɗin nan ɗalibanta duka ba su kai ɗari biyu ba, tun 1928 ba ta karɓar kuɗin karatu daga hannun kowa, kuma cikin mutum ɗari da suka nema wajen huɗu take ɗauka. Hanyar ba sabuwa ba ce ga 'yan Najeriya. Akin Euba ya yi karatu a Trinity College of Music ta Landan, Ayo Bankole a Guildhall, Fela kuma ya shiga Trinity a 1958. Sai dai a sani tun yanzu, waɗannan makarantu kiɗan gargajiyar Turai suke koyarwa, wasu da jaz. Babu sashen kalangu ko goge ko algaita a cikinsu. Mai waɗannan kayan, sashen nazarin kiɗa na jami'a ya fi dacewa da shi, kamar na makarantar SOAS a Landan ko na Jami'ar Gana da ke Legon.

Abu na farko kalanda ne. A Ingila yawancin kwalejojin ana neman su ta shafin intanet na bai-ɗaya mai suna UCAS Conservatoires, ana rufe karɓar takardun kiɗa a farkon Oktoba da ƙarfe shida na yamma, a yi gwaji tsakanin Nuwamba da Disamba, a fara karatu a Satumbar shekara mai zuwa. Guildhall ita kai tsaye ake nemanta. A Amurka yawanci ranar 1 ga Disamba ake rufewa, a fara tace bidiyo, sannan waɗanda suka tsallake a kira su gwajin ido da ido wajen ƙarshen Fabrairu zuwa farkon Maris. Wanda ya farga a watan Agusta yana son ya shiga gwajin Nuwamba, ya riga ya makara. Ya sa ido a kan na baɗi. Shirin gaske wata goma sha biyu zuwa goma sha takwas yake ci. Faris kuma tana da iyakar shekarun haihuwa ga kowane kayan kiɗa, don haka 'yan uwanmu na Nijar da harshen Faransanci ke ja su can, su duba wannan kafin su duba komai.

Game da matsayi, kwalejojin Ingila suna sa ran mai nema ya kai aƙalla mataki na 8 na jarrabawar ABRSM ko ta Trinity, hukumomin jarrabawar kiɗa na Ingila, kuma a gaskiya waɗanda ake ɗauka sun wuce nan. A jarrabawar ABRSM ta hannu maki 150 ne, 100 ci ne, 120 yabo, 130 zarra. Wanda ya sha da ƙyar da 102 a mataki na 8 bai shirya wa Landan ba tukuna. Kuma ba a barin mutum ya shiga mataki na 6 zuwa 8 sai ya ci mataki na 5 na ƙa'idojin kiɗa ko makamancinsa, abin da ke tsayar da yara da yawa shekara guda ba tare da sun zata ba. A gida, makarantar MUSON da ke Onikan a Legas tana gudanar da jarrabawar matakai da difloma ta shekara biyu, kuma tsani ce mai kyau ga wanda bai kai ba. Takardun boko ma ana dubawa. Kwalejojin Ingila sukan nemi darasi biyu na matakin A-level, jarrabawar kammala sakandare ta Ingila, ko abin da ya yi daidai da shi, don haka a rubuta wa ofishin ɗaukar ɗalibai a tambaye su ko WAEC ko NECO kaɗai ta isa, a ajiye amsar da suka bayar a rubuce.

Sai zaɓen kiɗan da za a gabatar, kuma nan ne muke son mu daɗe. Kowace makaranta tana wallafa jerin abin da take so ga kowane kayan kiɗa, jerin kuma yana iya canzawa daga shekara zuwa shekara. A buga shi a takarda, a karanta shi layi-layi tare da malami. Ga mai piyano, abin da aka saba nema shi ne kiɗan Bach mai fuga a ciki (salon da muryoyi ke shigowa ɗaya bayan ɗaya da kari guda), da cikakkiyar sonata (dogon kiɗa mai sassa) ta Haydn ko Mozart ko Beethoven ko Schubert, da babban kiɗa guda na ƙarni na 19 irin na Chopin ko Schumann ko Brahms, da kiɗan atisaye mai gudu, wani lokaci da na ƙarni na 20, duka da ka. Idan an ce cikakkiya, to duk sassanta ake nufi, ba na farko kaɗai ba. Wasu makarantun ma sukan ware sonatocin Beethoven guda biyu masu sauƙi, masu lamba 49, su ce ban da su. Wanda bai karanta ƙananan rubutun ba zai shekara yana gyaran abin da ba za a saurara ba. Ga mai bayolin, wato gogen Turai, sashen farko na kwanceto (kiɗan makaɗi ɗaya da babbar ƙungiyar makaɗa ke raka shi) irin na Mozart ko Bruch ko Mendelssohn, da sassa biyu mabambanta daga kiɗan Bach na bayolin shi kaɗai, sau da yawa da ɗaya daga cikin atisayen Paganini guda 24. Mai tirampet ba zai kauce wa kwanceton Haydn ko na Hummel ba. Mawaƙi kuma a shirya masa waƙoƙi cikin harsuna biyu ko uku, Italiyanci a gaba, sai Jamusanci ko Faransanci da Ingilishi.

Kuskuren da ya fi kowanne yawa shi ne ɗauko kiɗa mafi wuya da nufin burge alƙalai. Waɗannan mutane sun ji wannan kiɗan ɗaruruwan lokuta daga hannun gwanayen duniya, wasunsu ma su ne gwanayen. Gudu ba ya ruɗa su. Tela idan zai ɗauki yaro aiki ba ya tsayawa kallon adon wuyan riga, juya ta yake yi ya duba ɗinkin ciki. Abin da alƙali ke saurare shi ne: sautin yana da tsabta? Notocin suna zaune daidai ko suna ɗan hawa da sauka? Bugun yana tsaye ko yana sauri a wuri mai sauƙi ya ja ƙafa a wuri mai wuya? Yaron ya san inda jimlar kiɗa ta fara da inda ta nufa? Mozart mai tsabta ya fi Liszt mai ƙura. Ma'aunin da muke bayarwa shi ne, idan wata uku kafin gwaji ɗalibi ba ya iya kaɗa abu daga farko zuwa ƙarshe da ka, a gudun da ya dace, ba tare da tsayawa ba, to a sauke shi a ɗauki wanda ya fi sauƙi. Ga mawaƙa wannan ya fi tsanani, domin ɗan shekara goma sha takwas da ya ɗauko waƙar opera mai nauyi ta Verdi ko Wagner yana nuna wa alƙalai cewa ba shi da mai ba shi shawara, kuma yana iya yi wa muryarsa lahani.

Idan makarantu uku ko huɗu ake nema, a jera sharuɗɗansu gefe da gefe a nemo kaɗe-kaɗen da za su biya buƙatar dukkansu, kada a ƙare da guda goma sha biyu da babu wanda ya nuna. A kula kuma da bugun littafin da ake koyo da shi. Shafin IMSLP yana ba da tsofaffin takardun kiɗa kyauta, amma da yawansu bugun ƙarni na 19 ne da masu gyara suka cika da alamomin da mawallafin bai rubuta ba. Don gwaji a nemi bugu mai bin asali, irin na kamfanonin ɗab'i Henle ko Bärenreiter. Haka nan kada a koyi kiɗa ta hanyar kwaikwayon faifan wani gwani a YouTube. Kunnen yaranmu yana da kaifi har yakan kwashe kurakuran mai faifan da salon da ya keɓanta da shi, alƙali kuma yana gane hakan nan take.

Atisaye ba yawan awoyi ba ne. Mai piyano ko bayolin awa uku zuwa huɗu a rana sun ishe shi, a rarrabe su minti arba'in da biyar-biyar da hutun minti goma a tsakani. Mai busa ƙarfe leɓɓansa ba za su ɗauki haka ba, ya huta gwargwadon yadda ya busa. Mawaƙi kada ya wuce awa ɗaya da rabi zuwa biyu yana rerawa da cikakkiyar murya. Sauran aikin, na haddar kalmomi da furuci da fassara, a zaune ake yin sa baki rufe. Rabin awar farko ta tafi ga tsanin sauti, hawa da sauka a kowane ki (mazaunin sautin da ake gina kiɗa a kai), da dogayen notoci ga masu busa da masu goga tsirkiya da baka, ana dubawa da na'urar saita sauti. Wurin da ya gagara a ware shi, gaɓa (ɗan yankin bugu a rubutun kiɗa) biyu ko huɗu kacal, a sa metironom, na'urar ƙidayar bugu, a rabin gudun da ake so, a kaɗa shi daidai sau biyar a jere kafin a ƙara bugu huɗu. In an yi kuskure a na huɗu, lissafi ya koma farko. Dalilin wannan tsanani shi ne hannu ba ya bambance daidai da kuskure, abin da aka fi maimaita masa shi yake riƙewa. Wanda ya kaɗa wuri sau tara ba daidai ba, ya dace a na goma ya wuce, kuskuren ya koya.

Hadda ma tana da hanyarta. Haddar yatsu kaɗai, wadda hannu ke tafiya da kansa, ita ce ke watsewa da zarar tsoro ya shigo. Dole a haɗa ta da sanin ginin kiɗan: wane ki ake ciki, ina aka juya zuwa wani, wane sashe ne ya dawo kuma da wane bambanci. Wuraren da sashe ya dawo da ɗan canji su ne tarko, nan ne ɗalibi kan bi hanyar farko ya tsinci kansa ya koma baya ko ya tsallake shafi uku. A sa alama duk bayan gaɓa takwas ko goma sha shida, a ba su lamba, wani ya riƙa kiran lamba ba bisa jeri ba ɗalibi yana farawa daga nan. Mai piyano ya iya kaɗa hannun hagu shi kaɗai da ka, domin mantuwa daga hagu take farawa.

Karatun nan-take da gwajin kunne su ne inda 'yan badujala da makaɗan majami'a suka fi faɗuwa, ba don rashin kunne ba sai don ba a koya musu sunayen abin da suke ji ba. Za a ajiye wa mutum takardar da bai taɓa gani ba, a ba shi ɗan lokaci, a tsarin ABRSM rabin minti ne, a ce ya kaɗa. A wannan rabin mintin a duba ki, a duba ƙidayar bugu, a nemo wurin da ya fi cunkoso a zaɓi gudu daga gare shi, ba daga layin farko mai sauƙi ba. In an fara kada a tsaya, kada a koma gyara. Nota ɗaya ta kuskure ba ta kai karyewar bugu muni ba. Maganinsa minti goma sha biyar kullum da sabuwar takarda, mai sauƙi da mataki biyu ƙasa da inda ɗalibi yake, tsawon shekara. Ba a cusa shi a mako biyu. Gwajin kunne kuwa ya ƙunshi faɗin tazarar da ke tsakanin notoci biyu, gane irin haɗin sauti, maimaita kari da murya, tafa bugu, wani lokaci rubuta abin da aka kaɗa. Makarantun Jamus da na Faransa sun fi tsanantawa a nan, a Jamus ma sau da yawa ana gwada kowa a piyano ko da tirampet ya zo nema.

Ga mafi yawan masu nema daga nan, bidiyo shi ne ƙofar farko, wani lokaci shi ne gwajin gaba ɗaya. Ƙa'idar da aka saba ita ce kowane kiɗa ɗauka guda, babu yanka, babu gyaran sauti, babu ƙarin amsa-kuwwa irin na situdiyo. Wanda ya kai wa mai haɗa waƙa ya shafa masa mai, an gane, kuma ana iya soke takardarsa. A kafa kyamara a kwance a kan abin tsayawa, fuska da hannuwa duka su fito, ga mai piyano har ƙafafu a kan feda. Sauti ya fi hoto muhimmanci. Wayar hannu tana da dabarar daidaita ƙara da kanta, tana ɗaga mai taushi ta danne mai ƙarfi, sai kiɗan ya fito a shimfiɗe kamar ɗalibin bai san bambancin ba. A kashe wannan da kuma mai rage hayaniya, ko a samu ƙaramar na'urar ɗaukar sauti ta daban. A ajiye makirfo nisan mita biyu zuwa uku, a gwada wuri mafi ƙara a tabbatar allurar ma'aunin ƙara ba ta taɓa ja ba. A kashe fanka da firji. Janareta kuwa, ko na maƙwabci ne, gurnaninsa yana shiga ƙarƙashin kowace nota kuma ba ya fita, don haka a yi caji tun dare a ɗauka da sassafe da hasken taga. Ɗakin tayil da babu komai a ciki yana dagula sauti. Darduma a ƙasa da barguna a bango suna gyara shi. Mai piyano ya nemi piyanon katako na gaske, a kira mai saiti kwana ɗaya ko biyu kafin ɗauka, domin makarantu da yawa ba sa karɓar na lantarki. A ware kwana uku na ɗauka, kada a wuce ɗauka uku ko huɗu na kiɗa ɗaya a rana, domin daga nan gajiya ce ke kaɗawa. A gama mako uku kafin ranar rufewa. Kuma kada fayil ɗin ya bi ta WhatsApp a matsayin bidiyo, matse shi zai yi ya lalata sautin. A kwafe shi da waya zuwa kwamfuta a ɗora daga can, a wurin da intanet ke da ƙarfi.

Lokacin ɗaukar bidiyon Amurka da na tafiya gwaji yakan faɗo cikin hunturu, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga kayan katako. Bayolin da danginsa suna son danshin iska na kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari, iskar hunturu a Arewa kuwa takan sauka ƙasa da 20. Katako ya tsuke, kusoshin murɗa tsirkiya su saki, haɗin gefe ya buɗe, wani lokaci allon gaba ya tsage. Kilarinet na katako ma yana tsagewa in an busa masa iska mai ɗumi yana a bushe da sanyi. A ajiye kayan cikin akwatinsa a rufe, da ɗan soso mai laima a cikin leda mai huji, ba ya taɓa katakon. A canza tsirkiya mako biyu kafin gwaji, ba ana gobe ba, domin sabuwa tana miƙewa tana sauka. A tafi da wata a ajiye, da ƙaro. A jirgi bayolin hannu ake riƙe shi, ba a ba da shi cikin kaya, celo kuwa, babban ɗan uwan bayolin, kujera ake saya masa. Tsohon baka mai hauren giwa ko ƙoƙon kunkuru a jiki yana ƙarƙashin dokar CITES ta kare namun daji, ana iya riƙe shi a filin jirgi. A bar shi a gida.

Wata biyu na ƙarshe na gwajin gwaji ne. Sau ɗaya a mako aƙalla, a tara mutum uku su zauna bayan tebur da biro da takarda, fuska ba walwala. Ɗalibi ya sa tufafi da takalmin da zai sa a ranar, ya hau bene da gudu ko ya yi tsalle har zuciyarsa ta buga, sannan ya shigo ya gaisa ya fara. Su katse shi a tsakiya, su ce ya koma wani kiɗan. Haka jiki ke sabawa da yin aiki cikin rawar hannu da bushewar baki. Kada a ninka awoyin atisaye a makonnin nan, ciwon jijiyar wuyan hannu daga nan yake zuwa. Zafi ko dindiris a yatsu alama ce ta a tsaya. Goro da kofi suna ƙara rawar hannu. Ƙwayoyin rage bugun zuciya da wasu makaɗa ke sha, irin su furofaranolol, ba a taɓa su sai da likita, kuma haɗari ne ga mai asma. Su tiramol da kodin ba ma sai an faɗa ba. Mawaƙi ya rage yaji da cin abinci dab da kwanciya, ya bar alawar mentol da ke ɓoye masa zafin maƙogwaro har ya matsa wa muryarsa bai sani ba.

Wanda aka kira ya je da kansa ya isa kwana biyu ko uku kafin ranar. Landan awa ɗaya ce kawai bayanmu a lokacin sanyi, amma Niyok awa shida ce, barci sai ya daidaita. Safar hannu dole ce, yatsun da suka daskare ba sa gudu. Gwajin kansa minti goma zuwa ashirin ne, bayan ɗan lokaci a ɗakin ɗumama hannu. Sau da yawa ɗalibi ne ke zaɓen abin da zai fara da shi: ya fara da wanda ya fi zama a hannunsa, domin minti na farko ne ke kafa ra'ayin alƙalai. Kafin nota ta farko ya ja numfashi, ya rera gaɓa biyu a zuci don ya kama gudun, tunda tsoro kullum sauri yake sa mutum. A saita kaya da piyanon ɗakin, ba da na'urar aljihu ba. A gida an saba saita notar La a kan 440, a Turai piyano da yawa suna kan 442, wato sama kaɗan. Idan makaranta ce ta ba da mai rakiya da piyano, zaman shiri da shi gajere ne, wani lokaci 'yan mintoci. A kawo masa takarda mai tsabta a manne ko a ɗaure, ba warwatse ba, a yi alama a inda aka yanke dogon gabatarwa da inda ake jan numfashi, a nuna masa gudu ta hanyar rera layin farko.

In alƙalai sun katse mutum, ba faɗuwa ba ce, lokaci ne ke kora su. In ya yi kuskure kada ya girgiza kai, kada ya ce a yi haƙuri, ya wuce. Wani lokaci malami a cikinsu zai ce a sake wannan layin a hankali, ko da wani salo dabam. Wannan shi ne mafi nauyin minti a gwajin, domin so yake ya ga ko za a iya koyar da yaron shekara huɗu. A yi abin da ya ce a fili, har ya ji bambancin, ko da ɗalibi yana ganin nasa ya fi. A nan tarbiyyarmu ta sunkuyar da kai gaban manya tana iya cutarwa: a hirar da ke biyo baya suna son a dube su, a amsa da cikakkiyar magana. Za su tambayi dalilin zaɓen makarantar, da wanda ya rubuta kiɗan da zamaninsa, da abin da ɗalibi ke saurare. Mawaƙi ya san ma'anar kowace kalma da ya rera. Yana da kyau kuma tun watanni kafin nan a nemi darasin gwaji, ko ta intanet, da malamin da ake son zama a hannunsa. Kwalejoji da yawa suna shirya shi a kan kuɗi, kuma a irin wannan karatu malami ake zaɓa kafin sunan makaranta.

Batun kuɗi a yi shi tun farko. Kowane gwaji yana da kuɗinsa da ba a mayarwa, ga wanda ba shi da hali wasu makarantun suna yafewa in an nema da wuri. Kuɗin karatun baƙo a kwalejojin Landan ya haura fam 25,000 a shekara ban da ci da kwana, tallafin da suke bayarwa kuma bisa ƙoƙarin da aka nuna a gwajin ne, ba kasafai yake rufe komai ba. Bizar karatu ta Ingila tana buƙatar lambar CAS, wato shaidar samun gurbi, daga makaranta, da gwajin tarin fuka a asibitin da suka amince da shi, da shaidar iya Ingilishi matakin B2 na ma'aunin Turai, da kuɗin da suka zauna a asusu kwana 28 a jere ba su ragu ba. Yawancin kwalejojin gwamnatin Jamus ba sa karɓar kuɗin karatu, amma ana neman harshen Jamusanci da asusun ajiya na musamman mai kusan yuro dubu goma sha biyu na shekara guda. Curtis da Colburn ta Los Anjalis kyauta ne, shi ya sa ƙofarsu ta fi kowace ƙunci, dokokin bizar Amurka kuma sun tsananta, a bincika halin da ake ciki kafin a biya kuɗin nema.

Makaɗan zamani da na situdiyo, Berklee ta Boston ta fi kusa da abin da suke yi. Gwajinta ya ƙunshi kiɗa guda da mutum ya shirya na kamar minti uku zuwa biyar, da ƙirƙira nan take a kan bulus, salon kiɗan baƙaƙen Amurka, da karatun takarda, da maimaita abin da aka kaɗa masa, sai hira. A nan kaifin kunne yana da daraja sosai, amma karatun takardar yana nan. Wanda kuma bai samu shiga ba a karon farko, a ko'ina ne, ya rubuta wa ofishin ɗaukar ɗalibai cikin ladabi ya nemi bayanin alƙalai, domin wasu kwalejojin Ingila suna bayarwa in an nema cikin wa'adin da suka sa. Da wannan takardar shi da malaminsa za su zaɓi kaɗe-kaɗen baɗi.

Mun gode da wannan fili. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Wasu malaman kiɗa